Fayil ɗin da GDB ke karantawa kafin ya saurare ka

Darasin yau ya ɗan fita daga canjin sikirin da gyaran bakin caji. Na waɗanda suka fara leƙa ɓangaren sofwaya ne, masu taɓa ƙananan cif irin su STM32, ko masu koyon rubuta firogiram da C a kan Linux. Amma ko ba ka kai can ba tukuna, ɗan'uwa, ka daure ka karanta har ƙarshe. Asalin maganar ta kwamfutar da hannu da yawa ke taɓawa ce, kuma da wuya ka samu shagon da ba irinta gare shi ba.

MENE NE GDB?

Idan waya ta zo maka a mace, ai ba ka fara cire IC da ka. Mita kake ɗauka ka bi layi, ka ga inda wuta ta tsaya. To firogiram ma yana da tasa mitar, ana ce mata diboga. Da ita kake tsayar da firogiram yana tsakiyar aiki, ka leƙa abin da ke cikin memori, ka sa shi ya taka layi ɗaya ya tsaya, har ka kama inda ya karkace. GDB na cikin waɗanda suka fi daɗewa da shahara. Richard Stallman ne ya fara rubuta shi a 1986 a ƙarƙashin aikin GNU, kuma kyauta ne har gobe.

Bari in amsa tambayar da na san ita za ta fara zuwa. GDB ba ya cire FRP, ba ya buɗe fatan, ba ya filashin Tecno ko Infinix. Hatta masu rubuta manhajar Android, tun fitowar NDK r24 aka cire musu shi, LLDB suke amfani da shi yanzu. Inda yake shigowa aikinmu daban ne. Ka san halin unguwa, in dai an ga kana riƙe ayan, komai mai waya a jiki kai za a kawo wa: na'urar cajin sola, fanel ɗin inbata, sikelin lantarki na mai shago. Da yawansu ƙaramin cif ne ke juya su. Kana jona cif ɗin da kwamfuta ta ST-Link, wata manhaja mai suna OpenOCD ta tsaya a tsakani tana jira a ƙofa mai lamba 3333, shi kuma GDB ta wannan ƙofar yake magana da cif ɗin. Zai iya karantawa, zai iya tsayarwa, kuma zai iya gogewa ya rubuta sabo. Ka riƙe wannan na ƙarshen, za mu dawo kansa.

WA YAKE FARA SAURARA?

Kana rubuta gdb ka danna Enter, kafin ya ba ka wurin rubutu ya riga ya karanta wasu fayiloli ya aikata abin da ke cikinsu. Ga yadda suke bin juna:

1. Fayil ɗin kowa da kowa. Wannan na kwamfutar ne gaba ɗaya. A Debian da Ubuntu yana /etc/gdb/gdbinit, a Fedora kuma /etc/gdbinit. Duk wanda ya buɗe GDB ɗin, da kowane akawun, sai an karanta masa shi.

2. Foldar kowa da kowa. Daga GDB 9, wanda ya fito a 2020, ana iya ware folda guda, a Ubuntu ita ce /etc/gdb/gdbinit.d. Yana bin fayilolin ciki bisa jerin haruffan sunansu, amma sai masu ƙarewa da .gdb ko .py ko .scm. Ba ya shiga foldar da ke cikin folda.

3. Fayil ɗinka na gida, wato ~/.gdbinit. Daga GDB 11 na 2021 yana fara duba ~/.config/gdb/gdbinit, in ya same shi to shi zai ɗauka ya bar ɗayan. Mutane da yawa suna ta gyara ~/.gdbinit ba sa ganin canji, ashe ɗayan ne ke aiki.

4. Fayil ɗin .gdbinit na foldar da kake tsaye a ciki, in an ba shi izini.

5. Sai abin da ka haɗa masa da -x ko -ex lokacin kiransa.

Akwai wani ƙarami mai suna gdbearlyinit da ke riga su duka, amma saiti kaɗan yake karɓa, kamar hana dogon bayanin nan na farko, don haka mu ajiye shi gefe.

Abu biyu za ka fahimta daga wannan jeri. Na farko, na baya yana danne na gaba. In fayil ɗin kowa ya ce kaza, naka na gida ya ce akasin haka, naka ne zai tsaya. Na biyu, wurin fayil ɗin kowa ba a sararin sama yake ba, wanda ya haɗa GDB ɗin ne ya dasa shi a ciki tun lokacin haɗawa, da zaɓin --with-system-gdbinit. Shi ya sa gdb-multiarch na Ubuntu zai karanta /etc/gdb/gdbinit, amma arm-none-eabi-gdb da ka sauko da shi daga wani wuri zai iya wuce shi ko kallo bai yi masa ba. Kar ka yi canki-canka, tambaye shi da kansa:

gdb --help

Can ƙasan bayanin zai lissafa maka fayilolin da ya samu zai karanta. In kuma kana son ganin wurin da aka dasa masa ko da fayil ɗin babu, sai ka rubuta:

gdb --configuration

Ko a Termux kake, ko a Windows, waɗannan biyun su ne shaidarka.

ABIN DA NA GANI DA IDONA

Wata rana aka kira ni wani shago a layinmu, wai kwamfutarsu ta cinye fanel ɗin kwastoma. Na'urar cajin sola ce, mai ita ya ce takan ɗauke da kanta da tsakar rana. Mai gyaran ya yi abin da ya dace, ya ce bari ya fara kwafe abin da ke cikin cif ɗin ya ajiye kafin ya taɓa komai, tunda ya ga ba a kulle shi ba. Ya jona ST-Link, ya tayar da OpenOCD, ya rubuta gdb-multiarch ya danna Enter. Bai ƙara rubuta ko harafi ɗaya ba. Wasu layuka suka gilma, da ya sake kunna na'urar sai ta ƙi tashi kwata-kwata.

Da na zo, abin da na fara yi shi ne cire ST-Link ɗin, sannan na buɗe /etc/gdb/gdbinit. Layi huɗu na tarar a ƙasa: file da sunan wani firogiram na kunna fitila da kashewa, sai target extended-remote :3333, sai monitor reset halt, sai load. Ashe yaron shagon ne yake koyo da daddare a kan ɗan fanel ɗinsa na gwaji, ya gaji da maimaita layukan nan kullum, ya ga an ce a zuba su a gdbinit. Kwamfutar kuma akawun ɗaya gare ta, fasuwod ɗaya, kowa ya san shi. Sai ya zuba su a na kowa da kowa.

Yaron nan ba mugunta ya yi ba, wallahi ƙoƙari ma yake. Amma load ba ya tambayar fanel ɗin wa ke jone. Ya goge farkon ma'ajiyar cif ɗin kwastoma ya ɗora wasan fitila a kai. Ba su da kwafi, kamfanin da ya ƙera na'urar ba ya raba manhajar cikinta, dole mai shagon ya sayi sabuwa ya ba mutumin. Kuɗin ma da sauƙi a kan maganar da ta zaga layi cewa an kai musu abu yana aiki rabi sun mayar da shi gawa.

Akwai halaye uku na GDB da suka sa abin ya faru shiru, ya kamata ka san su. Ba ya nuna maka layukan da yake karantawa daga fayil, sai dai abin da suka haifar. Umarnin da zai tambaye ka “ka tabbata?” in da hannu ka rubuta, in daga fayil ya fito wucewa yake ba tambaya. Sannan in layi ɗaya ya yi kuskure, sauran layukan da ke ƙasansa a wannan fayil ɗin duk ya watsar da su.

TO ME YA KAMATA A SA A CIKI?

Ni yadda nake kallonsa, fayil ɗin kowa kamar teburin aiki ne na tsakiyar shago. Abin da kowa ke buƙata kuma ba ya cutar da kowa shi ake bari a kai, mita, burushi, fitila. Ba a barin ayan a jone a kwance a kan wayar mutane don wai gobe da safe za a buƙace shi da zafi. Kafin in sa layi a wannan fayil, tambaya uku nake yi masa.

Shin kowa ne ke buƙatarsa, ko ni kaɗai? In son raina ne, kamar launi, ko set pagination off, ko layin source da ke tayar da GEF ko pwndbg, to gidana zai tafi, ~/.gdbinit.

Shin ya dace da kowane aiki, ko na fanel ɗaya ne? In na aiki ɗaya ne, foldar aikin zai zauna, in kira shi da -x ranar da nake so.

Shin yana aikata wani abu da kansa, ko shiri kawai yake yi? Duk layin da zai jona, ya goge, ya rubuta, ko ya tayar da wata manhaja da kansa, ba shi da wuri a nan. A koya wa GDB umarnin, amma a bar mutum ya kira shi da hannunsa.

Ga abin da ke kwamfutar shagonmu. Ban taɓa ainihin /etc/gdb/gdbinit ba, saboda na Ubuntu ne, in ka canza shi duk ranar da sabuntawa ta zo da nata sai an tsaya tambayarka wanne za a bari. Foldar na yi amfani da ita:

sudo mkdir -p /etc/gdb/gdbinit.d

Fayil na farko, 10-tarihi.gdb:

set history save on
set history size 2000
set history filename ~/.gdb_history

Wannan yana sa GDB ya tuna abin da ka rubuta jiya. Layin ƙarshen yana da amfani, domin in babu shi, a duk foldar da ka buɗe GDB zai yar maka da .gdb_history. Da wannan alamar ~ kuwa, kowa tarihinsa na gidansa.

Fayil na biyu, 20-umarni.gdb:

define jona
target extended-remote :3333
monitor reset halt
end

define kwafa
dump binary memory $arg0 0x08000000 0x08010000
end

Ka lura, define ba ya aikata komai, suna kawai yake raɗawa. Sai ka rubuta jona sannan zai jona. In ka rubuta kwafa sola.bin, zai kwashe daga 0x08000000, inda ma'ajiyar STM32 take farawa, zuwa 0x08010000, wato KB 64 daidai, girman STM32F103C8. In cif ɗinka ya fi haka sai ka ƙara lambar ƙarshen. In kuma a kulle yake, ba zai karantu ba, kuma dan Allah kar ka ce za ka cire kullen don ka karanta: a STM32 cire shi yana goge komai ne gaba ɗaya.

Fayil na uku, 30-birki.gdb. Wannan bayan abin da na gani a layinmu na rubuta shi:

set $yarda = 0
define hook-load
if $yarda == 0
echo Ka kwafi na ciki? In eh, rubuta: set $yarda = 1\n
dakata
end
end

Duk umarnin da ka sa wa hook- a gaba, GDB zai fara bi ta kansa kafin ainihin umarnin. Kalmar dakata ba umarni ba ce, da gangan na sa ta don ta jawo kuskure, kuma in aka samu kuskure a nan, load ɗin ba zai gudana ba. Sai mutum ya ce ya yarda da hannunsa. Amma ka sani, birkin nan load kaɗai yake tarewa. Abin da ka aika da monitor kai tsaye yake wucewa wurin OpenOCD.

Fayil na huɗu, 90-data.gdb, layi ɗaya ne:

set debuginfod enabled off

Sababbin GDB suna iya sauko da bayanan diboga daga intanet da kansu, kuma wasu fayilolin manya ne. Mu da muke jona kwamfuta da hotspot na waya, ka san abin da nake nufi. Wanda yake so ya kunna a gidansa da datarsa. Na ware shi shi kaɗai ne saboda saitin a GDB 12 ya shigo, tsohon GDB zai ce bai san shi ba. Tunda kuskure fayil ɗinsa kawai yake kashewa, sauran ukun ba ruwansu. Amfanin rarrabawa ke nan. Irin wannan ce take faruwa da set disassembly-flavor intel: na x86 ne, GDB ɗin da ARM kaɗai ya sani zai yi tuntuɓe a kansa, duk abin da ke ƙasa ya tafi a banza kana ta mamaki.

LAYIN DA BA ZAN TAƁA SA WA KOWA BA

Wata rana za ka shiga foldar wani aiki da ka sauko da shi, GDB ya yi maka gargaɗi cewa ya ƙi karanta .gdbinit na wurin. Kana bincike za ka ga an ce ka sa wannan ka huta:

set auto-load safe-path /

Gargaɗin zai tafi kam. Amma ka san me ka yi? Ka ce masa duk foldar duniya amintacciya ce. Tun GDB 7.5 na 2012 aka sa wannan shingen, kuma da dalili. Fayil ɗin gdbinit yana iya ɗaukar umarnin shell, yana iya ɗaukar Python, ma'ana duk abin da za ka iya yi a kwamfutar shi ma zai iya. Mu kuma sana'armu ta sauke-sauke ce, zip daga Telegram, zip daga inda ba ka san mai shi ba. Fayil mai ɗigo a farkon suna ɓoyayye ne, ko ls ba ya nuna shi sai ka ce ls -a. Ka tuna me ke cikin kwamfutar shago: hotunan mutane, lambobinsu, saƙonninsu da muka kwafe kafin filashin. Amana ce aka bar mana. In ka sa layin can a fayil ɗin kowa, ba ƙofarka kaɗai ka buɗe ba, har ta ogan da ta yaran.

Abin da ya dace, kowa ya zaɓi foldar da ya yarda da ita a fayil ɗinsa na gida:

add-auto-load-safe-path /home/sunanka/ayyukana

Sannan abin da ka sauko da shi kar ya shiga wannan foldar sai ka buɗe ka karanta.

WA KE DA IKON RUBUTU?

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Fayil ɗin kowa ana karanta shi har lokacin da aka ce sudo gdb, a lokacin kuwa da cikakken ikon root layukan za su gudana. Don haka duk wanda zai iya rubutu a cikinsa, kwamfutar tasa ce. Duba da:

ls -l /etc/gdb /etc/gdb/gdbinit.d

Mai su ya zama root, kuma shi kaɗai ke rubutu:

sudo chown root:root /etc/gdb/gdbinit.d/*
sudo chmod 644 /etc/gdb/gdbinit.d/*

Wannan duk ba zai yi amfani ba in fasuwod ɗin sudo yana bakin kowa. Ka buɗe wa kowane yaro akawun ɗinsa marar sudo. Ba wulaƙanci ba ne, gata ne ma. Yana da gidansa, ya zuba abin da ya ga dama a ~/.gdbinit ɗinsa, ya lalata ya gyara, haka ake koyo, kuma ba wanda zai biya kuɗin sola saboda shi.

Kar kuma ka ɗauka fayil ɗin kowa kwaɗo ne. Wanda ya so zai danne shi daga gidansa, ko ya tsallake shi gaba ɗaya. Yana rage mantuwa da ganganci, amma ba ya hana mai niyya.

IN GDB YA FARA ABIN DA BA KA SA SHI BA

Ga matakan da nake bi, a jere:

Cire duk abin da ke jone tukuna.

Rubuta gdb -nx. Wannan yana hana shi karanta kowane fayil na farawa. In matsalar tana nan, to ba daga su ba ne.

In ta tafi, gwada gdb -nh. Wannan na gidanka kaɗai yake tsallakewa, yana karanta na kowa. In matsalar ta dawo, ka leƙa na kowa da na foldar da kake ciki. In ba ta dawo ba, laifin na gidanka ne.

Kana son ganin layin da kansa? Shiga da gdb -nx, ka rubuta set trace-commands on, sannan source da sunan fayil ɗin. Zai riƙa nuna kowane layi yana aikatawa.

Kuma in ka zauna a kwamfutar da ba taka ba, da fanel ɗin mutum a hannunka, ka fara da -nx kawai. Haruffa uku ne, ba su kai daƙiƙa biyu ba.

Aikin gida na yau: ka buɗe taminal ka rubuta gdb --help, ka gangara ƙasa, ka buɗe duk fayil ɗin da ya lissafa ka karanta layi-layi. Wanda ba ka gane ba ka sa masa # a gaba, ya zama bayani kawai, har sai ka gano aikinsa. Wanda ya ci karo da layin da ya ɗaure masa kai ya ajiye mana shi a ƙasa, in sha Allahu za mu duba tare. Ku tura wa abokan sana'a, musamman masu yara a shago. Allah Ya sa albarka a hannunmu, Ya tsare mu da ɓata kayan mutane.